Maɓallin Gogewa da Ya Ƙi Aiki

Zuwa ga sarauniyar yatsu goma, sanyin inuwa a tsakar rana, yayyafin farkon damina a kan kwanon rumfata. Gaisuwa daga mai gyaran kwamfutoci na ƙarshen layi, wanda kike kira Injiniya in kina neman taimako, Malam in kin ji haushi.

Bayan haka, jiya na ji labarin Madam mai shagonku ta ce hannunki ne ke kashe kibod, kuma in Litinin ta yi ba a daidaita ba za ta nemi wata mai buga takardu. Hannunki? Yatsun da ke sauka a kan maɓallai kamar tantabaru a kan shanyar gero? Ba hannunki ba ne, ranki ya daɗe. Nawa ne.

Ki bari in yi miki bayani yadda zan yi wa mai saye, ban da ƙarya.

Kibod bai san harafi ba. Rubutun da ke kan maɓallai fenti ne kawai, don idon mutum. Kin danna, sai ya aika lambar mazaunin maɓallin. Kin ɗaga yatsa, ya aika wata lambar cewa an saki. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ita ke karɓa, ta duba wani jadawali nata, ta ce lamba kaza nufinta kaza. Ɗan aike ne shi, hukunci na ciki ne.

Kin tuna ranar da kika fara kawo kwamfutar shagonku don fankarta na ƙara? Kika zauna a bencina mai ƙafa uku da bulo, kina fifita da ambulan, kina kushe min shirgin wayoyi. Rumfar nan da ta shekara tana warin dalma, ranar ta yi ƙamshi. Na gama fanka cikin minti goma, na ga in kin tafi shi ke nan. Sai na shiga jadawalin na ƙara layi ɗaya: in lamba sha huɗu ta iso, wato maɓallin gogewa, a yi kamar ba a ji ba.

Kwana biyu kika dawo. Na ba ki aron kibod, kika dawo. Na ba ki wani, kika dawo. Ko ɗari kika canza, duk lamba ɗaya za su aika, ƙofa ɗaya za su tarar a rufe. Ni kuwa ina girgiza kai ina zagin kayan gwanjo. Zuwa biyar na samu, ban ɓoye ba, kowanne na ji daɗinsa kamar mai ƙishi ya tsinci rijiya.

Na lissafa komai ban da Madam. Wayon kasuwa ke nan, yana ganin riba, ba ya ganin wanda zai ɗauki dakon asara.

Ga filas na kwamfuta a cikin ambulan ɗin nan. Fayil ɗaya ne a ciki. Ki buɗe shi, ki amince, ki kashe kwamfutar ki kunna. Maɓallin zai dawo, da kowane kibod. In Madam ta tambaya, ki miƙa mata wasiƙar nan ta karanta. Gara ta ɗauke min aikin shagonta da ta ɗauke miki kujera.

To me ya rage min? Daga yau ba ki da dalilin biyowa ta layinmu. Zan ci gaba da aika saƙona yadda na saba, safe da yamma, fassararsa kuwa tana wurinki. Kina iya rubuta min layi irin wanda na rubuta, ki yi kamar ba ki ji ba. Ba zan ce an zalunce ni ba.

Amma na sa kafinta ya yi wa bencin ƙafa ta huɗu. In wata rana na ɗaga kai na gan ki ba ki riƙe da komai, zan san ba na'ura ce ta turo ki ba.

Naki har yatsuna su daina riƙe sukudireba,
Malam, kafin ki huce.