Ƙafata Ta Ƙi Yin Ritaya

Anti, don Allah ki taimaka mini, aikina ne ke neman suɓucewa.

Shekara goma sha huɗu na yi ina buga ƙwallo, lamba goma nake sawa, har gwiwa ta ce ta gaji. Yanzu koci ne ni a wata kwaleji. Filinmu ƙarami ne, bencin 'yan kallo uku, ɗaya ma ya karye. Amma da la'asar, in rana ta kwanta a kan ciyawar nan, sai in ga bencin sun cika maƙil, in ji ana kiran sunana daga nesa. Ina tsaye da usur a baki, hankalina kuwa yana can.

In zan nuna wa ɗalibai bugun tazara, sau ɗaya nake nufi, sai in farga na buga goma suna tsaye sun riƙe ƙugu. Ranar wasa kuma takalmin ƙwallona nake ɗaurawa, na hagu tukuna, kamar dā.

Makon jiya muna wasan kofi, ƙwallo ta taso sama ta nufo gefena, tana juyawa a hankali. Wallahi ban san na tsallaka layi ba. Na tare ta da ƙirji, na kwantar da ita. Daɗin da na ji, Anti! Sai ga jan kati. Saboda haka aka fitar da mu daga gasar, kyaftin ɗina ya wuce ko kallona bai yi ba. Shugaban kwaleji ya ce in na kuma, in kama gabana. Maiɗakina ta ɓoye takalman. Ina son yaran nan, amma ina kewar kaina. In ajiye aikin ne?

Tsohon Lamba Goma

Koci, kada ka ajiye. Kewar nan ba ciwo ba ce, shekara goma sha huɗu ba ta fita daga ƙafa don an miƙa wa mutum usur. Sai dai shugabanka yana da gaskiya, kyaftin ma haka. Kai ka sha tafinka, yaran kuwa nasu suke jira, ka shiga ka tare musu.

Fara da tara su ka ba su haƙuri, ban da dogon bayani. Ka nemi ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa ta safiyar Asabar, ka je can ka huce, gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. Wajen atisaye ka nuna sau ɗaya, ka miƙa ƙwallon da hannu. Ranar wasa ka sa takalmin ofis, mai santsin nan. Madam kuma ka gode mata, ta riga ni gano maganin.

Wata la'asar ɗaya daga cikinsu zai tare ƙwallo da ƙirji ya kwantar da ita yadda ka koya masa. Sunansa za a kira, amma za ka gane kanka a ciki. Ka tabbata ranar kana bayan layi, don ka gani da kyau. Allah Ya ba gwiwa lafiya, Ya kawo muku kofin baɗi.