Muryata Ce, Fuskar Siririya Suka Gani

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan, ya raya mana zuri'a. Mu nan lafiya lau. Inna ƙafar ta yi sauƙi, bakin ne dai yana nan yadda kika bar shi. Auta ya fara koyon gyaran waya, ya riga ya kashe tawa sau ɗaya.

Yaya, a tsorace nake rubuto miki. Kin san yadda aikinmu na sutudiyo yake: ni nake shiga ɗan ɗakin nan mai soso a bango in rera, mai haɗa sauti ya sirantar da muryar da na'ura har ni kaina ban cika gane ta ba, sannan a sami wata ta hau bidiyo tana motsa baki. To, waƙar nan da ake ta surutu a kanta, ta matar da ke gaya wa mijinta ɓaro-ɓaro yadda take marmarinsa, ni na rubuta, ni na rera. Wadda ta hau ta wata yarinya ce mai rawa, muna ce mata Siririya. Rigar da aka miƙa mata ta saka, ta yi rawar da aka koya mata.

Da maza ne suka taso, wallahi da ban ji zafi haka ba. Uwar ɗakinmu ce, wadda ta koya mana riƙe numfashi a waƙa, ta yi bidiyo a waya ta ce 'yar iska ta zubar wa mata mawaƙa mutunci. Ita fa da a zamaninta ba a zama idan ta juya ƙugu! Daga nan mata suka yi caa. Wata ta saka hoton ƙofar gidan su Siririya, washegari aka watsa mata ruwan kwata a bakin famfo, matar mai gidan kuma ta fito mata da kayanta waje. Yanzu tana ƙuryar ɗakina, bayan labule, ko tari ba ta yi da ƙarfi.

Sun koma neman mai muryar. Uwar ɗaki ta kira Siririya a waya, ta ce in ta faɗi sunan wadda ta rera, za ta sa a ƙyale ta. Yarinyar nan ta ce ba ta sani ba, alhali a kan katifata take zaune. Na ce mata zan fito in faɗa, ta riƙe hannuna ta ce ita an riga an gama da ita, ni kuwa ina da 'ya a makaranta. Haka na fasa fitowa.

Abin da nake roƙonki, ki shawo kan maigidan Siririya ta zo wajenku ta ɗan fake. Ba ta da ƙiwa, ta iya kitso, kuma can ba wanda ya san fuskarta. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Ki gaishe da maigidan, da Gwaggo, da takwarata sarkin kuka. Auta yana gaishe ki. Inna ma haka, sai dai tun jiya ba ta ce mini uffan ba. Maƙwabciya ce ta kunna mata waƙar tana tsine wa mai rawar, Inna na taya ta. Da aka zo inda nake jan numfashi kafin amshi, sai na ga Inna ta ɗago ta kalle ni. Ta tashi ta zuba abinci ta kai bayan labulen da kanta, sannan ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar gida, ta ajiye sandarta a gefe. Yanzu haka tana can zaune.

Taki ƙanwa mai kewarki.