Baba da Manhajar Kyauta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya iyali, ya aiki? Nan Kebbe kowa lafiya lau.

Tsohuwar kwamfutar da ka bar mini ta farfaɗo. Na je Tambuwal inda sabis ke da ƙarfi, na sauko da manhajar Linux, na sa mata. Da Baba ya ji ban biya kowa ba, ya ce kayan sata ba ya kwana gidansa. Na ce masu ita ne suka bar wa duniya kyauta. Sai ya ce, "Ashe rijiya suka gina bakin hanya." Yanzu yana sa su a addu'a, ko sunan ɗayansu bai sani ba.

Gaida yara. In kana yi mana addu'a, kar ka manta da masu manhajar nan.

Ƙanwarka,
Rabi