Kishimin da Ka Harba, Lawali

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, zuwa ga ƙanena Lawali, a duk inda wannan takarda ta same ka. Ina fatan kana lafiya, kana cikin rufin asirin Allah. Yayanka ne Sani, daga ƙauyenmu na ƙasar Gidan Sori. Ba ni da lambarka, ban san garin da kake kwana ba, shi ya sa na ajiye ta a wannan shafi inda kowa ke gani. Ku da kuke karantawa, in akwai wanda ya san wani dogon Bagobiri mai in'ina idan ransa ya ɓaci, don Allah ya kai masa.

Abin da ya kamata ka fara ji shi ne wannan: Baba Idi bai mutu ran nan ba. Shekara biyar kana ɗauka ka yi kisan kai, kuma ba ka yi ba. Ya tashi, ya ci gaba da nomansa, ya yi azumi biyar bayanka. Da daminar nan Allah ya karɓi abinsa, zazzaɓi ne na kwana shida, a kan tabarmarsa.

Sauran maganar kuma dole in bi ta daga farko, don akwai nawa laifin a ciki, kuma ban taɓa faɗa ba.

Ka san tun da mahaifinmu ya rasu, ƙanensa Baba Idi ne ya riƙe mu. Shi ne babban maharbin yankinmu, shi ya koya mana karanta sawu, da tsayuwa inda iska ba za ta kai warinmu ga dabba ba, da ɗura bindiga. Kai ka fi ni hannu tun muna yara. Ni na fi ka biyayya kawai.

Gardamarku da shi ɗaya ce, kuma ta daɗe. Idan aka kayar da kishimi, namijin barewa, kai ƙaho kake fara kamawa, ka ware yatsu kana awo da taƙi. Shi kuwa sai ya durƙusa ya buɗe bakin dabbar ya sa yatsa yana shafa haƙora. In ya ji sun cinye, ya yi hamdala. In ya ji da sauran kaifi, ranar ba ya cin naman. Yakan ce, "Wanda haƙoransa suka ƙare ya gama aikinsa a daji, namu ne. Mai dogon ƙaho yanzu yake hawa mata, ku bar shi ya bar baya."

Kai ma kana da taka, kuma ba ta banza ba ce. Kakan ce naman tsoho kamar igiya yake, ƙahonsa dungulmi, ba abin da mutum zai rataya a zaure ya ce ni na harbo. Kakan nuna mana hotunan maharban tsallaken iyaka a waya, kowa riƙe da kan dabba, ka ce, "Baba, wanda muka bari yau, gobe wani zai zo da moto, ɗan babur ɗinsa, ya ɗauke. Wa muke ajiye wa?" Sai ya ce ka rufe masa baki. Ba ya iya amsa wannan, shi ya sa yake tsawa.

A lokacin ma barewa ta riga ta yi wuya. Gonaki sun cinye dajin, sai zomo da zabi muke samu. Don haka ranar da Buba, Bafillacen da rugarsu ke bayan fadama, ya zo ya ce ya ga barewa biyar a cikin sabara, duk ƙauyen ya ɗauka. Mata uku, maza biyu. Ɗaya tsoho mai ɗingishi, ƙahonsa na hagu a karye. Ɗayan kuwa Buba ya ce tun yana yaro bai ga mai ƙaho irin nasa ba.

Mu tara muka fita bayan asuba, har da Buba, da karnuka huɗu. A gindin wani gawo Baba ya tsayar da mu ya yanke magana: tsohon kaɗai za a ɗauka, kuma harbi ɗaya. Sannan ya miƙa maka bindigarsa, wadda bai taɓa ba kowa ba, ya ce hannunka ya fi na kowa a nan. Ka karɓa ka ce to.

Da hantsi suka tashi gabanmu. Ina kwance kusa da kai, kafaɗarmu na taɓa juna. Tsohon yana baya yana jan ƙafa, ko makaho zai same shi. Ɗayan ya tsaya kan ɗan tudu ya ɗaga kai, ƙahonin nan baƙi wul suna sheƙi. Na ga bakin bindigarka ya bar tsohon, ya zarce a hankali zuwa tudu. Lawali, ina da lokacin da zan taɓa hannunka. Ban taɓa ba. Ni ma ina so in ga ƙahon nan kusa.

Ba ka same shi inda ya kamata ba. A ciki ka same shi. Ya yi tsalle ya faɗi, ya tashi yana gudu, hanjinsa na zubowa yana takawa, ƙaya na kama su tana ja. Karnuka suka cim masa a bakin kwazazzabo. Kafin mu isa sun yage masa cinya da wuya, yana raye, yana wani kuka da har yau nakan ji shi in an kama akuya za a yanka. Baba, da tsufansa, shi ya riga mu zuwa. Ya watsa karnukan da gora, ya danne kan dabbar da gwiwa, ya yi bisimilla ya yanka kafin ta zama mushe.

Jinin bai gama tsartuwa ba ka durƙusa ka kama ƙahon kana awo. Taƙi guda da yatsu huɗu, ka faɗa da ƙarfi, kana dariya, kana duban mutane.

Baba ya matso. Ya buɗe bakin kishimin, haƙora farare tas, ko ɗaya bai ci ba. Ya zare barandami daga kafaɗa, ya ja kan ya ɗora bisa kututture, ya shiga sara. Sara ɗaya, biyu, har sai da ƙahonin suka zama guntaye, ɓargo da jini na fallatsa a rigarsa. Ya kwashe guntayen ya watsa maka a ƙirji. Sannan ya mare ka, mari biyu, a gaban mutum shida da ba 'yan gidanmu ba, ya ce ashe shekara ashirin ɓarawo yake ciyarwa.

Ka so ka yi magana, in'ina ta riƙe ka. Bakinka na rawa, kalmar ta ƙi fita. Sai na ga ka juya bindigar ka kama ta baki, ka ɗaga gindinta sama. Ƙarar da ta yi a fuskarsa kamar an fasa ƙwarya ce. Ya zube a kan dabbar, jininsa ya haɗu da nata, idonsa na dama ya fito daga mazauninsa.

Kyalla, karyar Baba, ta yi kanka ta kama maka dantse ta ƙi saki. Ka zare wuƙa ka soka mata a haƙarƙari, ka sake, ka sake, har ta sake ka ta faɗi tana shure-shure.

Daga nan nawa ne. Na ɗauki gorar Baba na sauke maka a baki, na ga haƙoranka biyu sun faɗi cikin yashi. Ka faɗi, ban tsaya ba. Na doke ka a baya, a haƙarƙari, a hannun da ka kare kai da shi, har sai da mutum uku suka rirriƙe ni. Ina ihu ina cewa ka kashe shi, ka kashe ubanmu, jandarma za su ɗaure ka har ka mutu. Ban duba ko yana numfashi ba. Ka ɗago ka dube ni, jini na zuba daga bakinka zuwa ƙirji, ka dubi inda yake kwance, ka tashi kana tangaɗi ka nufi inda muka bar moto. Wannan ne ganina da kai na ƙarshe.

Buba ne ya sa kunne a ƙirjinsa ya ce da rai. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure masa kai, aka kawo amalanke, muka kai shi likita, daga can aka wuce da shi Maradi. Idon bai tsira ba, kuma ƙashin kumatunsa ya zauna a karkace har ƙarshen ransa. Da jandarma suka zo tambaya, da bakinsa da ke ɗaure ya ce bindigarsa ce ta yi baya ta buge shi, tsohuwa ce kamar mai ita. Duk wanda aka tambaya cikinmu haka ya maimaita. Babu takardar da ke nemanka, Lawali, ba a taɓa yin ta ba.

Na san za ka so ka ji yadda sauran barewar suka ƙare. Matan uku ba su haihu ba a shekarar. Da bazara Buba ya aiko a kira ni bakin tabki, na tarar da tsohon kishimin ya kafe a laka, ƙarfin fita ya ƙare masa, karnukan gari sun cinye masa rabin gindi yana kallonsu. Na yanka shi. Na buɗe bakin, babu komai sai dasashi da 'yan guntaye. Matan kuma, bayan wata biyu wasu baƙi suka zo da moto uku suka yi ta korarsu cikin rana har suka faɗi don gajiya, suka ɗaure su a baya suka tafi. Tun daga ranar ba a sake ganin sawun barewa a dajinmu ba.

Na kai wa Baba muƙamuƙin tsohon ina tsammani zai ce kun gani. Ya juya shi a hannu ya daɗe, ya ce, "Wancan mun katse masa kwana, wannan mun bar shi ya wahala." Da labarin masu moto ya zo, sai ya ce, "Yaron bai yi ƙarya ba." Kai yake nufi.

In ka tambaye ni yau, ƙaho ko shekaru, har yanzu ina bayan Baba. Da ka ɗauki tsohon, da an huta da shi cikin daƙiƙa, da watakila matan sun bar 'ya'ya ko da biyu ne. Amma ba zan rantse da cewa 'ya'yan za su tsira daga masu moto ba. Gardamar ta fi ƙarfina, kuma yanzu babu dabbar da za a yi ta a kanta.

Wata rana muna sussukar gero Baba ya tsaya ya ce mini, shi da yake sanin shekarun dabba da yatsa ɗaya, bai lura ka girma ba. Ya ce mutum mai gemu ya mara a gaban jama'a, ya kira shi ɓarawo a kan nama, kuma wannan shi zai amsa shi gaban Allah. Bai taɓa cewa ka yi daidai ba. Amma duk ranar kasuwa, wanda ya dawo daga tafiya sai ya tambaye shi ko ya ji labarinka.

Ga abin da ya hana ni barci. A shekara ta biyu da tafiyarka, wani mai fataucin wake ya same ni a gona ya ce ya gan ka a tashar Gazawa kana lodin buhuna a motocin iyaka, da giɓi a baki, ka rame. Ya ce ka gan shi ka ɓoye bayan mota. Na ce masa na gode, gobe zan je. Ban je ba. Ban faɗa wa Baba ba, ban faɗa wa Innarmu ba. Duk safiya ina ganin ramin idon Baba, sai in ce a raina bari ka ƙara ɗanɗanawa. Wata ya bi wata, har kunyar faɗa ta fi ƙarfin fushin.

Ranar da Baba zai cika ya kama hannuna ya ce, "In ya dawo ku ce masa ido guda ya ishe ni, ban rasa hanya ba ko sau ɗaya. Na yafe, shi ma ya yafe mini marin." Ina zaune ina riƙe da hannunsa, na san inda aka gan ka, kuma ko a lokacin ban buɗe baki ba.

Bayan sadakar arba'in na hau mota zuwa Gazawa, na tsaya Cadawa ma na tambaya. 'Yan tasha sun tuna ka. Sun ce ba ka faɗa da kowa, ba ka cin nama, kuma ka daɗe da tashi. Wani ya ce kudu ka yi, wani ya ce arewa.

Da na dawo na durƙusa gaban Inna na faɗa mata duka. Tana riƙe da muciya, na sunkuyar da kai ina jira ta sauke mini, kuma da ta sauke da na ji sauƙi. Sai ta ajiye ta. Ta ce shekara uku tana roƙon Allah ya nuna mata ko kabarinka ne, ashe amsar na cikin gidanta tana cin tuwonta. Ta ce kada in sake shiga ɗakinta sai da kai ko da labarinka. Kwana goma sha ɗaya ke nan daga bakin ƙofa nake gaishe ta, ba ta amsawa.

Ɗan'uwana, ka dawo gida. Ƙafafun Inna sun kumbura, ba ta iya zuwa ko rijiya. Gonarka ta gabas ni nake noma ta, hatsinka na rumbu dabam, ban taɓa ba. In ka sauka Tibiri ka hau kabu-kabu, kowa ya san gidan. In kuma ba ka son ganin fuskata, ka aiko a faɗa mini ranar, zan tafi rugar su Buba in zauna har ka gama ganawa da ita. In kana so ka rama, gorar tana nan. Mu fita bayan gari mu biyu, zan sa hannuwana a baya.

Allah ya jiƙan Baba Idi, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da mahaifinmu a Aljanna. Allah ya ba Inna lafiya da tsawon ran da za ta gan ka. Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa kana da rai, ya sa wannan takarda ta faɗa hannun mai tausayi. Ni kuma Allah ya yafe mini, ya sa kai ma ka iya.

Wassalam.

Naka, yayanka da ya zalunce ka,
Sani