Iskan Ɗakin Baba

Tawa, ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Shafi'u,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Abijan. Yaya nema, yaya kewar gida? Na zaɓi takarda ne don rezon waya ba ya barin mutum ya kai ƙarshen zance, kai kuma ka san bakina ba ya son a katse shi.

Ka kwantar da hankalinka, Baba yana samun sauƙi. Zazzaɓi ne ya kama shi a garka wajen ban ruwan albasa, ya yi ta cewa mura ce. Da zazzaɓin ya sauka muka ce an huta, ashe tsugune ba ta ƙare ba, sai numfashi ya fara gagararsa. Ka san Inna. Ta dafa sassaƙe, ta haɗa zuma da tafarnuwa, ta lulluɓe shi a kan tukunyar surace, ta cika ɗaki da hayaƙi. Duk wanda ya zo dubiya da nasa maganin, ita kuwa ba ta mayar da hannun kowa. Da leɓunansa suka fara sauya launi aka kai shi asibitin Buza, daga can motar asibiti ta kawo mu nan. Gwaji ya nuna korona ce.

Likitansa, Abdulƙadir, ɗan Allakaye ne. Ya nuna mana hoton ƙirjin Baba, huhun biyu sun yi fari-fari. Ya ce ƙwayar cutar ma ta kusa ƙarewa. Abin da ke shaƙe shi yanzu dakarun jikinsa ne, wasu ƙwayoyin jini da Allah ya ɗora wa tsaronmu. Sun yi ta kiran juna har suka cika huhun, ya kumbura, ya tara ruwa, iska ta rasa hanyar shiga jini. Da ya ga Inna ta yi tsuru, sai ya tambaye ta: ranar da raƙumi ya faɗa gonar gero gari ya fito da sanduna, wa ya fi ɓarna, raƙumin ko masu korarsa? Ta ce masu korar, don ta sha gani.

Duk da haka, da ya ce zai yi masa allurar da za ta kwantar da dakarun nan, ta ce atafau. Ita da ta yi kwana da kwanaki tana ƙara masa ƙarfi, yanzu a ce za a rage? Yaya, na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Baba ne da kansa, da tiyon iska a hanci, ya ɗaga hannu alamar a yi, muna kallonsa ta taga. Jiya har ya zauna ya nemi fura, ya kuma tambayi wa ke kula masa da albasa.

Kada rufe iyaka ya dame ka, addu'a ba ta tsayawa a shingen duwan, wurin 'yan kwastan. Inna tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Fiddausiya.

Tama, ranar Juma'a.

Yaya Shafi'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan takardata ta farko ta same ka lafiya. Mun dawo gida, alhamdu lillahi.

Kafin a sallame mu likita ya ja kunnenmu. Ya ce huhun bai gama warkewa ba, maganin kuma ya sa dakarun sun yi sanyi, ko mura ta samu ƙofa za ta iya mayar da shi. Ban da hayaƙi, ban da cinkoso a kansa. Na ce a raina, wannan bawan Allah ya manta da gida. A Tama wa zai ji an dawo daga asibiti ya zauna? Wanda bai zo dubiya ba, da shi za a yi ta zance har kaka.

Kafin mu sauke kaya zaure ya cika. Na shiga damuwa, don ni yarinya ce, ba ni da bakin hana dattawa. Sai ga Inna ta jawo tabarma ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin Baba ta zauna. Kowa ya zo ta amsa gaisuwarsa, ta karɓi maganinsa ta gode, ta tura bayan randa. Gwaggo Saude ta yi fushi ta tafi, Inna ko gezau.

Yau bayan masallaci Maigari ya iso da jama'arsa. Inna ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, gaisuwakka za ta shiga, amma kai sai wata rana. Iskan da ke ɗakin ga bai isa mutum biyu ba."

Maigari ya dube ta, ya dubi ƙofar, sai ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa daga nan inda yake tsaye, aka shafa. Suna fita muka jiyo Baba daga ciki yana dariya. Ni da Inna muka kasa kunne muna jiran tarin da zai biyo baya. Ya yi dariyarsa har ya gama, tarin bai zo ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Fiddausiya.