Kanwar Hajja

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na sake samun kanwa a ƙarƙashin matashin Hajja. Karo na uku ke nan. Kawu Maina ne ke aiko mata daga Maine, sai ka ce bai ji abin da lokotoro ya faɗa a asibiti ba: kanwa na kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma mai hawan jini tana iya kai shi ƙasa. Hajja mahaifiyata ce, shekarunta saba'in da huɗu. Na zubar da kanwar.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na sa bulo biyu a ƙarƙashin kan gadonta, yadda aka umarta. Ta sauko tabarma. Wai: "Fannami, ni ba buhun tattasai ba ce da za a jingine."

Asabar, 8 ga Fabrairu

An auna. Jinin ya ƙara hawa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na hana yaji, na hana shayi, na hana soye. Na rubuta dokokin na manna a madafa. Duk da haka tana kwana da wuta a ƙirji, ta tashi da dusasshiyar murya. Ba shakka wani a gidan nan yana karya doka. Na tsare ƙanwata Sumaiya, na yi mata magana da kakkausar murya. Ban yi nadama ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Sumaiya ta ce: "Yaya, ka karanta takardarka, layi na huɗu." Na karanta: a ci abinci awa uku kafin kwanciya. Ta ce Hajja ba ta taɓa akushi sai ta ji ƙarar babur ɗina. Ina barin biro, wurin aikina, bayan isha'i. Ta ci, ta kwanta, sannan ta lalubi kanwa.

Me ya hana a gaya mini? Shekara nawa?

Wai Hajja ce ta hana. Kada a dame ni da aiki.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na baro biro da la'asar. Aikin bai da yawa ne kawai. Mun ci tuwo da rana a sama. Miyar lami ce, kuma ni na rubuta a yi ta haka. Hajja ta ce: "Yau an kore ka ne?"

Ban duba ƙarƙashin matashin ba.