Ajin da Ya Yi Shiru

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da 'yan shagonki.

Na ga kiranki ba adadi, kuma na san kin riga kin yanke hukunci cewa girman kai ya kama autarku. Ba haka ba ne. Muryata ce ta tafi. In na buɗe baki sai iska, kamar tayar keke ta sace. Baban yara ya kai ni wajen likitan maƙogwaro, ya leƙa da wata 'yar fitila, ya ce ƙuraje ne suka fito min a ciki saboda ihu. Maganin ɗaya ne, in yi shiru na wasu watanni, in kuwa na ƙi, muryar na iya tafiya ke nan. Da ya tambayi sana'ata na rubuta masa "malamar firamare" a takarda, sai ya girgiza kai kawai.

Ba ki ga ajina na bana ba. Ɗaki ɗaya aka raba biyu da katako, katakon ma bai kai rufi ba. A ɗaya ɓangaren akwai wanda yara ke kira Malam Lasifika. In ya ce "Ku maimaita!" har allona rawa yake yi. Dole in ɗaga murya ta fi tasa, shi ma ya ƙara, yaransa su ƙara, nawa su ƙara, haka muke yi tun safe har a tashi.

Hedimastanmu kuma ba ya zagaya azuzuwa. Tagar ofishinsa yake buɗewa ya kasa kunne. A wajensa ajin da ya fi ƙara shi ne ajin da ake aiki. Na kai masa takardar likita, ya karanta har ƙasa, ya ce Allah ya sawwaƙe, amma ba shi da wanda zai riƙe min aji. Don haka gobe ma da safe ina can, da alli a hannu, baki a rufe.

Ki amsa min ta hannun direban da ya kawo miki wannan wasiƙar, kada ki kira.

Ƙanwarki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, duk suna yi miki sannu.

Ke da tun kina goye ba a jin kunne saboda ke, yau an ce ki yi shiru! Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta.

Ki saurare ni, tunda yanzu ba ki da bakin yi min musu. Ni ma na ci allin nan kafin ke. Ranar da na faɗi a gaban aji saboda jiri, abin da aka fara tambaya shi ne wa zai ƙarasa darasin. A ranar na san matsayina, na tattara jakata. Yau ga ni da shagon ɗinki, bayana na ciwo, idona ya fara gajiya, amma in na ce yau ba na iyawa, ƙofa nake ja in kwanta.

Ki bar musu aikinsu. Ba gadon gidanmu ba ne. Yaran nan da kike mutuwa a kansu, shekara mai zuwa wata za su kira Malama, kuma da daɗin baki iri ɗaya. Naki na gida kuwa uwa ɗaya suke da ita.

Ki sha ruwan ɗumi, ki daina kakari. Ki gaida baban yara, ki ce masa ya more wannan hutu da ya samu.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Na sami wasiƙarki, baban yara ya ce a gaya miki yana morewa, kuma ba ya gaggawa.

Na jima ban rubuto ba saboda wani abu ya faru da ban san yadda zan faɗa miki ba tare da kin ce na haukace ba. Yaya, ina jin daɗin aikina. Rabona da in ji haka har na manta.

Kwanakin farko azaba ce. Ina buga tebur, suna wasa. Sai na daina tsayawa a gaban allo, na koma bin benci benci da littafi, in durƙusa kusa da yaro in nuna masa layi da yatsa. Da yake ba na iya fara karantawa su bi ni, dole shi ya fara. A nan na ga abin da ya sa na kasa cin abinci ranar. Yaran da suka fi kowa ƙarfin murya, in na rufe hoton da ke shafin da tafin hannuna, ba su san ko harafi ɗaya ba. Waƙa suke yi ba karatu ba. Ni na koya musu waƙar, kuma da ita na kashe maƙogwarona.

Na raba su rukuni rukuni, wanda ya ɗan iya ya zauna da waɗanda ba su iya ba. Da suka ga ba na magana sai da hannu da ido, su ma suka sauke murya, don in ba su yi shiru ba ba za su gane me nake nufi ba. Malam Lasifika yana can yana tsaga rufi, nawa sun haɗa kawuna suna raɗa. Shekaranjiya wata yarinya 'yar bencin baya, wadda na ɗauka ba za ta taɓa iyawa ba, ta karanta min rubutun jikin kwalin alli ba wanda ya sa ta. Na fita bayan aji na yi kukana, ko kukan ma ba sauti.

Muryar ta fara dawowa kaɗan kaɗan. Likita ya ce ƙurajen sun ragu, in na ci gaba a haka zan tsira.

Amma jiya masinja ya kawo min takarda daga ofis. Na kwafe miki ita yadda take, ki karanta da kanki.

Ƙanwarki, Auta.

*

Zuwa ga Malamar Aji Uku,

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ofishin nan ya lura cewa an ɗauki lokaci mai tsawo ba a jin motsin koyarwa daga ajinki, alhali ajin da ke maƙwabtaka da ke yana gudanar da aikinsa yadda ya kamata, kamar yadda kowa ke iya ji. Haka kuma wasu iyaye da ke wucewa ta bayan taga sun kawo ƙorafi cewa 'ya'yansu na zaune ba a koya musu komai.

Ofishin nan yana sane da lalurarki, kuma yana tausaya miki. Sai dai amanar yara tana gaba da komai. Saboda haka ana ba ki zuwa ƙarshen wannan wata ki dawo da ajin kan tsarin da aka sani. Idan hakan bai samu ba, za a miƙa ajin ga wani malami, ke kuma a mayar da ke kula da sito, inda ba a bukatar magana.

Da fatan za ki ɗauki wannan a matsayin gyara. Jin daɗin malamai yana daga cikin abubuwan da ofishin nan ya sa a gaba.

Naki a bakin aiki,
Shugaban Makaranta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Yau ba wasa a bakina.

Na karanta takardar mutumin nan sau biyu, na biyun a tsaye. "Kamar yadda kowa ke iya ji." To ai injin niƙan layinmu ma kowa na jin sa, a ba shi aji mana.

Ki karɓi siton. Na san me za ki ce, shi ya sa na riga ki. Ki karɓa, ki zauna cikin tsintsiya da karyayyun kujeru ki huta, muryarki ta dawo, shekara mai zuwa ki nemi canjin makaranta. Aji ana samun wani. Na san ki, Auta. Tun muna yara in aka ce ba ki iya ba sai kin yi ko da za ki karye. Wannan karon abin da zai karye ba ya ɗoruwa.

In kuma zuciyarki ta ƙi, to ki je ki kamo hannunsa ki kawo shi cikin ajin. Ya zauna ya ga yaran da idonsa. Mutum ne, ba dutse ba.

Ki yi min alkawari ba za ki ɗaga murya ba. Ki rubuto da wuri, hankalina ba a kwance yake ba.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da jinkiri, kuma ki yi haƙuri da abin da za ki karanta.

Na bi shawararki ta biyu. Na rubuta wa Hedimasta roƙo, na kai da hannuna, na tsaya har ya taso. Ya zo bakin ƙofar ajin, bai shiga ba. Yara na ƙasa sun haɗa kai a kan littattafai. Na ɗauko littafi ɗaya na miƙa masa don ya zaɓi shafi ya gwada duk wanda ya so, bai karɓa ba. Ya ce, "Malama, ni kafin a haife ki nake cikin aikin nan. Daga kujerata nake sanin ajin da ke raye. Wannan zaman makoki ne." A daidai lokacin Malam Lasifika ya kwatsa "Ku maimaita!" sai Hedimasta ya nuna katakon da yatsa ya ce, "Kin ji?"

A ɗakin malamai kowa ya ba ni gaskiya, amma a hankali, bayan an leƙa ƙofa. Shi kansa Malam Lasifika ya same ni ya ce kullum da ciwon kai yake komawa gida, matarsa ta daina yi masa magana kafin magariba. Ya ce, "Ki yi musu abin da suke so ki zauna lafiya. Ni kin ga an taɓa aiko min takarda?"

Na yi lissafina, Yaya. In na tafi sito, wanda za a kawo zai mayar da su waƙa tun ranar farko. In na zauna, zan iya yin ihu da safe lokacin da tagar Hedimasta ke buɗe, bayan hutun tara kuma in ya fita mu koma namu a ɓoye. Ki ga inda aka kai ni, ina satar hanya don in koya wa yara karatu.

Haka na yi. Na tsaya gaban allo na buɗe maƙogwaro. Yaran suka dube ni kamar baƙuwa, sannan suka amsa, don sun saba. Ashe Hedimasta ya gane, sai ya daina fita bayan tara. Ihu ya koma na yini guda.

Ranar Litinin a wajen taron safe ya kira ni gaban makaranta, ya ce ga malamar da ta ji gyara, a tafa mata. Aka tafa. Ina tsaye ina murmushi, ina jin ɗanɗanon jini a bakina. Ban taɓa tsanar wuri kamar yadda na tsani filin nan a ranar ba, kuma ban taɓa jin kunyar kaina haka ba.

Baban yara ya daina yi min magana a kan batun. Da dare sai ya ajiye min ruwan ɗumi ya juya baya. Na san na karya alkawarin da kika nema, ko da yake ban ɗauka ba.

Ƙanwarki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Direba ya zo sau uku hannu wofi. Na kira baban yara, ya ce ke za ki gaya min da kanki. Me za ki gaya min? Don girman Allah ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Yayarki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum.

Muryar ta tafi a tsakiyar darasi, kuma ba ta dawo ba. Likita ya ce sai dai aikin tiyata, aikin ma bai yi alkawarin komai ba.

An ba wani sabon malami ajin. Ni ina sito, bango ɗaya ne tsakanina da yaran, ina jin su yini guda suna maimaitawa.

Makon jiya wasu daga cikinsu suka riƙa zuwa lokacin tara, su zauna a bakin ƙofar siton da littattafansu suna karanta min a hankali. Jiya masinja ya zo ya ce Hedimasta ya ce sito ba aji ba ne. Yau da suka zo na kore su da hannu. Sun tsaya suna kallona, sai da na sake yi sannan suka tafi.

Ki gaida yara.

Auta.